Kafin ka sayi hoto a shagon mai hoto na intanet, duba wane irin izini kake biya

Jama'a masu shaguna a Garwa da Marwa da Ngaundere, musamman teloli da masu gidan abinci da masu buga kalanda, dan Allah mu gane wani abu, biyan kuɗin hoto daban, mallakar hoton daban. Dokar Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta bar haƙƙin hoto a hannun wanda ya ɗauka, ko da bai sa sunanshi a jiki ba. Kai izini kawai kake saya, shi kuma izinin kala kala ne.

Mafi sauƙi shine hoton da aka wanke a takarda a aiko maka. Takardar taka ce, ka rataye a falo ko ka ba wani kyauta ba mai ce maka komai, amma baka da ikon kai ta wajen masu bugu su ƙara maka kwafi. Kuma in daga waje zata taso ka lissafa kuɗin aike da na duwan, yawanci kan mai saye suke ɗorawa.

Sai wanda zaka sauke a waya an rubuta usage personnel, wato na amfanin kanka kawai. Shine mai araha kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa, mutum ya ga hoton dutsen Rumsiki ko dorinar Binuwai ya burge shi, ya biya, gobe ka ganshi a allon shagonshi ko a Facebook da lambar waya da farashin kaya a ƙasa, to wallahi wannan talla ce ko da a status ɗin WhatsApp ne, kuma izinin bai kai nan ba.

Indai kasuwanci ne usage commercial zaka nema, wato izinin yin kasuwanci da hoton, ya fi tsada amma hankalinka kwance. Shima kar ka danna ka wuce, buɗe wajen da suka rubuta CGV, wato sharuɗɗan sayarwa, ka karanta a tsanake, kwafi nawa aka yarda ka buga, na tsawon wane lokaci, a wace ƙasa, za'a iya yanke hoton ko a yi rubutu a kai, dole ne a sa sunan mai hoton? Ka duba kuma ko kai kaɗai aka sayar ma, dan mafi yawa ba haka bane, maƙwabcinka zai iya sayen wannan hoton dai ya liƙa a nashi shagon. Abin da ya fi damuna shine hoton da fuskar mutum ke ciki, kamar mahayan Lamido ranar sallah ko wata baiwar Allah a kasuwa. Yardar mai hoto bata isa ba, shi wanda ke cikin hoton ya yarda a yi talla da fuskarshi? Tambayi mai sayar da hoton ko yana da takardar yardarshi, in babu ka haƙura da shi.

Maganar maido kuɗi, shagunan Turai suna ba da kwana 14, amma da zarar ka amince ka sauke hoton, ko an wanke maka shi a girman da kai ka zaɓa, galibi shikenan ba maidowa. Da yawansu kuma sai Visa ko PayPal, in rigima ta taso kotun garinsu suka rubuta ba ta Garwa ba.

Ni dai a ganina ƙaramin ɗan kasuwa gara ya nemi mai hoto na gida, ya ɗauki hoton ainihin kayanka, ka biya shi ta Orange Money ko MoMo, ku rubuta a takarda inda zaka yi amfani da hotunan ku duka ku sa hannu, ka ajiye rasit ɗin. Masu neman na kyauta kuma akwai na Creative Commons, wato hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su kyauta bisa wasu sharuɗɗa, amma in ka ga harafin NC a jiki an hana kasuwanci da shi, BY kuma dole ka rubuta sunan mai shi.