Tayar tubles a keken hawan dutse: ta biya ni, amma ranar da ta yage ba ta da daɗi ko kaɗan

Na yi amfani da taya mai tub da kuma tubles, wato wadda ba tub a cikinta sai ruwan liƙi, a kan keke iri ɗaya, mai ƙafa inci 29 da taya mai faɗin inci 2.4, kuma in aka ce in zaɓa a tsaye, tubles zan ɗauka. Sai dai akwai abu guda da ke ci mini rai, masu kambama ta kuwa ba sa faɗinsa sai ka riga ka zuba kuɗinka. Abin shi ne ranar da dutse mai kaifi ya tsaga gefen tayar, ba tsakiyarta ba. A ranar duk sauƙin da ta ba ka na wata da watanni sai ka biya shi a zama ɗaya, a bakin hanya, hannu duk danƙo.

Ga yadda abin ke tafiya, kuma tsarinsa kusan ɗaya ne kullum. Kana gangarowa cikin duwatsu, tayar baya ta goga gefen wani falalen dutse, sai ka ji tsiii, farin ruwa na feshi a kan firam da ƙafarka. Ruwan liƙin da ke cikin tayar, wanda galibi danƙon roba ne da aka cakuɗa da ƙananan ɓarɓashi, aikinsa shi ne iska ta tura shi bakin hujin ya daskare ya toshe. Yana yin haka lafiya lau ga hujin ƙaya ko ƙusa, milimita 2 zuwa 3. Kwalabe da yawa suna alkawarin milimita 6, amma wannan a tsakiyar taya ne, inda roba ke da kauri. A gefe kuwa roba siririya ce, kuma duk juyin da ƙafar ta yi sai gefen ya lanƙwashe ya miƙe, abin da ya fara daskarewa ya sake buɗewa. Ga shi kuma juyawar ƙafa tana wurga ruwan can ƙarƙashin haƙoran taya ne, ba gefe ba. Dole ka sauka, ka kwantar da ƙafar, tsagar tana kallon ƙasa, don ruwan ya taru a wurin. In tsagar ta kai santimita guda, wannan ma ɓata lokaci ne.

Daga nan sai zaren roba mai danƙo, wanda ake cusawa da allura mai baki biyu. A tsakiyar taya wannan zare abin yabo ne: minti biyu ka gama, kuma yakan zauna har tayar ta tsufa. A gefe ba shi da naman da zai kama. Ka cusa ɗaya, iska na fita ta kusa da shi. Ka ƙara na biyu, wani lokaci ka faɗaɗa tsagar da kanka. In kuma tsagar tana dab da leɓen taya, wato bakinta da ke zama cikin rim, inda rim ya danne ta a kan dutse, to zaren zai riƙe har zuwa kwana ta farko mai ƙarfi, sannan ya fice.

Sai a koma ga tub, wanda aka ce ka rabu da shi. Nan ne takaicin yake. Da farko leɓen tayar tubles a matse yake da gangan, kuma ruwan da ya bushe ya manne shi da rim kamar an sa masa gam. Ba a fara da liba. Sai ka danna leɓen da manyan yatsu, ko ka taka gefen tayar da diddige, har ya faɗa cikin kwarin da ke tsakiyar rim a duk zagayen, sannan liba ta samu wurin shiga. Wanda ya tsallake wannan ya dinga ƙwaƙula, ko dai ya karya liba ko ya yage tef ɗin da ke rufe ramukan sifok a cikin rim, wanda ke nufin ko ya isa gida sai ya sake naɗe tef daga farko.

Na biyu, bawul. Tub ba zai shiga ba sai an cire bawul ɗin tubles, shi kuma ɗan noti ne ke riƙe da shi daga waje. In wanda ya ɗaura shi ya matse da filaya, ko ruwan liƙi ya bushe a kan zarensa, yatsa ba zai kwance shi ba, balle yatsan da ya jiƙe da danƙo. Dabarar ita ce ka danna gindin bawul ɗin da ƙarfi daga cikin rim, robarsa ta ƙara matsewa, notin ya ɗan saki. Wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ba ta yi. Abu ƙarami kamar wannan ya isa ya sa mutum ya tura keke kilomita da yawa, kuma na kasa gane dalilin da ya sa har yanzu ake sayar da wasu bawuloli da noti mai santsi wanda ba shi da wurin kamawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin nasarar tubles ce da kanta ke haifar da shi. Duk ƙayar da ta soki tayar a watannin baya, ruwan ya toshe, ba ka ma sani ba, tana nan a ciki, tsininta ya leƙo. Tayar da ta daɗe tana bin jeji za ka same ta da ƙayoyi da dama a jiki. Ka sa sabon tub, ka buga iska, ka hau, kafin ka yi nisa ya sace. Kuma facinsa ba zai kama ba, saboda tub ɗin ya jiƙe da ruwan liƙi, sholisho ba ya manne wa jiƙaƙƙiyar roba. Saboda haka kafin tub ya shiga, dole a zubar da sauran ruwan, a goge cikin tayar da tsumma, a bi shi a hankali ana lalube zagaye biyu, a zare kowace ƙaya. Da tsumma, ba da yatsa tsirara ba, domin a cikin abin da ke maƙale har da gutsuren waya da gilashi. Bayan haka a shimfiɗa wani abu mai ƙarfi a bayan tsagar daga ciki, facin gefe na musamman ko guntun tsohuwar taya da aka yanke wa leɓe, in ba haka ba tub zai bullo ta tsagar kamar ƙari ya fashe. Aikin da mai tub ke gamawa cikin minti goma, mai tubles yana iya cin rabin awa ko fiye a kansa.

In aka bi diddigi, rabin wannan wahala daga bushewar ruwa take. Ruwan liƙi ba ya dawwama. Yana ɗaukar wata 2 zuwa 6, kuma inda ake zafi da bushewar iska, ko inda keke ke kwana a ɗaki mai zafi, wata 2 ɗin ya fi kusa da gaskiya. Tayar da ruwanta ya ƙafe tana nan tsaye da iskarta, ba alamar komai, alhali ba ta da kariya ko ta ƙaya ɗaya. Girgiza ƙafa a saurari motsin ruwa yana taimakawa, amma bai wadatar ba. Abin da ya fi tabbas shi ne a sauke iska, a juya bawul ya dawo ƙasa, a kwance ƙwayarsa, wato ɗan ƙarfen da ke cikinsa mai tare iska, a zura siririn tsinken roba har ya taɓa ƙasan taya, a ga inda ya jiƙe. In ya fito a bushe, a ƙara mililita 60 da sirinji ta cikin bawul. Sau ɗaya a shekara a buɗe tayar gaba ɗaya a ɓare dunƙulen da ya daskare. Wannan hidimar ba a rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba, kuma ya kamata a rubuta.

Har na kai ga cewa tub ya fi mutunci. Ba ya ɓoye maka komai: ya huje, ka sani nan take, ka canza. Keke ya yi wata huɗu a jingine, ka buga iska ka tafi. Canza taya daga ta laka zuwa ta busasshiyar ƙasa aikin minti biyar ne, ba ruwa, ba tsumma. Maganar nauyi ma da ake yi, ba ta kai yadda ake zuzutawa ba: tub na roba na inci 29 ya ɗan haura giram 200, ruwan liƙi mililita 100 da bawul da tef sun kai fiye da rabin haka, kuma duk da haka sai ka ɗauki tub a jaka.

Amma da na sake hawa da tub a hanya mai duwatsu da saiwoyi, sai na tuna abin da ya kore ni daga gare shi. Matsalar tub ita ce iska. In ka rage ta, da ƙafa ta daki gefen dutse sai rim ya datse tub ɗin, ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Don gudun haka sai ka buga psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). A wannan ƙarfin taya ba ta rungumar ƙasa, tsalle take yi a kan kowane dutse, a kwana mai tsakuwa ƙafar gaba na neman zamewa, hannu na gajiya. Da tubles, mai nauyin kilo 75 yana iya tafiya da psi 22 zuwa 23 a gaba, 25 zuwa 26 a baya, kuma bambancin ba sai an faɗa maka ba, za ka ji shi a birki, a hawan tudu mai santsi, a ko'ina. Wannan shi ne ainihin abin da kake saye da tubles. Toshe hujin ƙaya ƙari ne kawai. Saboda haka na dawo kan maganata ta farko, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne a ɗaura ta daidai, domin yawancin tubles da ke sace iska a ɓoye laifin tef ne, ba na taya ba. Tsarin farko da kamfanin Mavic ya fito da shi a 1999 tare da Michelin da Hutchinson, mai suna UST, rim ɗinsa a rufe yake ba ramukan sifok a ciki, tayarsa kuma tana riƙe iska ko ba ruwa, sai dai nauyi. Na yanzu, masu alamar TR ko TLR, sun fi sauƙin nauyi amma sun dogara kacokan ga tef da ruwa. Tef ya fi faɗin cikin rim da milimita 2 zuwa 3: rim mai milimita 30, tef mai 32 ko 33. A goge rim tas da sifirit ya bushe, a fara naɗi kamar santimita 10 kafin ramin bawul, a ja shi da ƙarfi ana danna shi cikin kwarin tsakiya, a zagayo a wuce ramin da wani santimita 10. Ramin bawul a huda shi da tsini mai zagaye, kada a tsaga shi da wuƙa, tsagar wuƙa tana ci gaba da kanta. In ka ga ruwa na fitowa ta gindin sifok ko kusa da bawul, ƙara matse noti ba zai gyara ba, tef ne ya ɗaga a wani wuri.

Wajen zaunar da taya, a shafa ruwan sabulu a leɓunan biyu, a cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da yawa lokaci guda, a buga da famfon ƙasa da sauri ko da kwamfireso har a ji ƙas ƙas, leɓe ya hau mazauninsa. Kada a wuce psi 40, ko abin da aka rubuta a jikin rim da taya in ya gaza haka. A duba siririn layin da ke gefen taya, ya fito daidai a duk zagayen. Sannan a zuba ruwa, mililita 90 zuwa 120 ga taya irin tawa, a mayar da ƙwaya, a buga iska, a girgiza, a kwantar da ƙafar kowane gefe na ɗan lokaci, a hau a zagaya. Sabuwar taya tana shan ruwa a kwanakin farko, musamman mai siririn gefe, don haka a sake dubawa bayan mako biyu.

Ko da an yi duk wannan, ƙananan ƙorafe-ƙorafe ba sa ƙarewa. Tayar tana rage psi ɗaya ko biyu cikin kwana kaɗan, geji ya zama dole kafin kowace fita. Ƙwayar bawul na toshewa da danƙo har famfo ya ƙi tura iska. In ka rage iska fiye da kima, a kwana mai ƙarfi leɓe yana ɗagawa ya furzar da iska lokaci guda. Ƙaramin tulun iskar gas da ake bugun gaggawa da shi yana da sanyi sosai, yana iya daskarar da ruwan ya zama dunƙule, don haka in an yi amfani da shi a juya bawul sama, nesa da inda ruwan ya kwanta, a gida kuma a sauke a sake bugawa da famfo.

Wanda ke hawa sau ɗaya a wata, ko a hanyar ƙasa mai laushi, ko ba zai tuna da duba ruwa ba, ya zauna da tub ɗinsa, ba abin da ya rasa. Wanda ke bin duwatsu da ƙaya kowane mako ya koma tubles, amma ya sayi tayar baya mai ƙaƙƙarfan gefe ko da ta fi nauyi, domin tayar baya ce ke ɗaukar duka, kuma siririn gefe ne ya jawo duk abin da na lissafa a sama. A jaka kuma kada a rasa tub, zaren roba da allurarsa, facin gefe, tsumma, liba biyu da ƙaramar filaya. Filayar saboda notin bawul ce, wanda tun ranar ɗaurawa da yatsa kawai ya kamata a matse shi.