Sharhi a Kan Visual Studio Code da Yadda Yake Aiki da Git

Na shafe fiye da shekaru uku ina rubuta manhaja da Visual Studio Code, editan da kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, wanda kyauta ake sauke shi kuma yana aiki a Windows da Linux da macOS. Abin da ya fi riƙe ni a kansa shi ne yadda yake fito da ayyukan Git fili, har mai koyo ya ga da idonsa abin da ya sauya a aikinsa.

Git tsari ne na adana tarihin sauye-sauyen aiki, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 domin gudanar da aikin Linux, kuma asalinsa da umarni ake sarrafa shi a baƙin allo, abin da ke tsorata masu koyo da dama. A cikin wannan edita kuwa, da zarar ka ƙara layi sai alama koriya ta bayyana a gefensa, layin da ka gyara ya samu shuɗiya, inda ka goge kuma a sa ja. Idan ka buɗe sashen Source Control, za ka ga tsohon fayil da sabo kafaɗa da kafaɗa, kuma kana iya zaɓar layuka kaɗan kawai ka ajiye su a tarihi, ka bar sauran sai ka kammala. Haka nan idan mutum biyu suka gyara wuri ɗaya har aka samu karo, editan yana nuna gyaran kowa daban, ya ba ka zaɓin ɗaukar naka, ko na abokin aikinka, ko duka biyun. Sai dai a lura cewa ba ya zuwa da Git a cikinsa, dole ne a sauke shi daban a girka.

A nan ne kuma nake da ƙorafi. Maɓallin Sync Changes yana haɗa ayyuka biyu wuri guda, wato jawo abin da ke rumbun intanet kamar GitHub da kuma tura naka can, kuma na ga ɗalibai suna danna shi watanni ba tare da sanin bambancin ayyukan biyu ba, har ranar da aiki ya cakuɗe suka rasa ta inda za su fara warwarewa. Don haka ina ganin ya dace mai koyo ya riƙa buɗe tagar umarni da ke ƙasan editan, yana rubuta umarnin Git da hannunsa, aƙalla a watannin farko.

Ƙorafi na biyu shi ne nauyi. An gina editan a kan Electron, wani tsarin gina manhaja wanda ke ɗauke da injin burauzar Chromium, saboda haka a tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabait 4, idan ka tara ƙananan manhajojin ƙari sannan ka buɗe burauza a gefe, za ka ji tana ja da ƙyar. Editoci irin su Sublime Text da Notepad++ sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni dai na taƙaita ga manhajojin ƙari uku, Prettier da ESLint da GitLens, sauran na kashe su.

Ga mai aiki inda wuta ba ta zama kuma data ke da tsada, akwai abubuwa biyu masu amfani: editan yana iya ajiye rubutu da kansa idan ka kunna Auto Save, Git kuma yana adana tarihi a kwamfutarka ba tare da intanet ba, sai lokacin turawa ko jawowa kawai ake buƙatarta. Haruffanmu irin su ƙ da ɗ da ɓ suna zama daidai, domin da tsarin haruffa na UTF-8 yake ajiye fayil tun asali. Wanda kuma ba ya son bayanan amfaninsa su riƙa tafiya wajen Microsoft yana iya kashe wannan a saituna, ko ya sauke VSCodium, wanda aka gina daga tushe ɗaya aka cire masa wannan ɓangare.