Karayar tsintsiyar hannu: waya, faranti ko ƙarfen waje?

Wanda ya faɗo daga kabu-kabu ya dafa ƙasa da tafin hannu, galibi ƙashin ɓangaren babban yatsa ne ke karyewa dab da gaɓa. In radiyo, wato hoton ƙashi, ya nuna bai goce ba, filasta ta mako 5 zuwa 6 ta wadatar. In ya goce kuma ya ƙi zama, sai ƙarfe.

Mafi arha ita ce wayar Kirschner, siririyar wayar ƙarfe da ake riƙe ƙashi da ita. Likita ya ja ƙashin ya daidaita, ya soka waya 2 ko 3 masu kaurin milimita 1.6 zuwa 2 ta cikin fata, ya ɗora filasta. Bayan mako 4 zuwa 6 a zare su ba tare da an koma ɗakin fiɗa ba. Aibinta bakin wayar ne: gumin bazarar Damagaram, ƙura da ruwan alwala in suka shiga, wurin ya yi ruwa, wayar ta saki, musamman ga mai ciwon suga. Takan kuma taɓa jijiyar ji, sai fatar bayan babban yatsa ta daina ji. A ƙashin tsohuwa da ya yi garas-garas ba ta kamawa sosai.

Faranti kuwa, wato ɗan fallen ƙarfe, ana tsaga ta ɓangaren tafin hannu, a kwantar da shi a kan ƙashi, a ɗaure da kusoshi masu kullewa a jikinsa. Hannu kan fara motsi da wuri, abin da tela ko direba ke so. Amma kusa in ta yi tsawo ta ɓullo ta baya, sai ta riƙa gugar jijiyar miƙe babban yatsa har ta tsinke. Ga tsada.

Jama'a na ɗauka mai tsada shi ya fi. Gwajin DRAFFT na Ingila, da aka buga a 2014 kan mutum 461, bai ga bambancin a zo a gani ba tsakanin waya da faranti bayan shekara guda. A ganina faranti ya cancanci kuɗinsa ne in karayar ta ratsa cikin gaɓa kuma ja bai daidaita ta ba.

Ƙarfen waje, wato sandar ƙarfe da ke zama a wajen fata tana riƙe da kusoshin da aka kafa a ƙashi, na wanda ƙashinsa ya farfashe ne ko ya huda fata. In an ja hannun da shi fiye da kima, sai yatsu su sandare.

Masu fara zuwa wurin mai ɗori su sani: bayan mako 3 ƙashi ya fara haɗewa a karkace, waya ba ta da sauran amfani, sai an sake yanka shi. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi a cikin ɗauri, a kwance ɗaurin, a nufi Babban Asibitin Damagaram nan take.