Katamaran ko jirgi mai jiki ɗaya a iskar San Francisco?

Ɗan'uwa, ka ce za ka fita da iyali yawo a ruwan San Francisco da yamma, kana tambaya wanne za ku hau, jirgi mai filafili mai jiki ɗaya ko katamaran, wato mai jiki biyu.

Ka fara sanin halin wurin. Daga Yuni zuwa Agusta, idan rana ta gasa kwarin tsakiyar Kalifoniya, iska mai sanyi daga tekun Pasifik takan kutso ta ƙarƙashin gadar Golden Gate, ta wuce tsibirin Alcatraz ta nufi garin Berkeley. Da safe ruwa lafiya lau, amma bayan azahar gudunta kan kai kilomita 37 zuwa 46 a awa. In kuma ruwa na janyewa zuwa teku a lokacin, sai su yi karo da iskar, taguwa ta tashi gajeru a tsaitsaye.

A nan mai jiki ɗaya yakan karkata sosai, har gefensa ya taɓa ruwa. Wanda bai saba ba sai ya fara salati. Amma a ƙasansa akwai ƙarfe ko darma mai nauyin gaske, kuma duk yadda iska ta kwantar da shi, nauyin nan ke tashe shi. Karkatar ma amfani ce: tana zubar da wani ɓangare na iskar, tana kuma gaya wa matuƙi lokaci ya yi da zai rage filafili. Sai dai za ku jiƙe, ruwan kuma akwai sanyi, wajen digiri 15.

Katamaran kamar kwale-kwale biyu ne da aka haɗa da dandamali. Da ƙyar yake karkata, yara na da wurin zama, shayi ba ya zubewa. Inda aibinsa yake shi ne ba ya kashedi. Dole matuƙi ya rage filafili bisa abin da na'urar auna iska ta nuna, don in ya kife ba ya tashi da kansa. A ruwan nan ne katamaran na tsere na ƙungiyar Artemis ya kife a Mayun 2013, ana atisayen gasar America's Cup, ɗaya daga cikin matuƙansa, Andrew Simpson, ya rasu. Kada wannan ya firgita ka, na 'yan yawon buɗe ido sun fi nauyi nesa ba kusa ba, filafilinsu kuma kaɗan ne. Abin da za ka ji dai shi ne taguwa na dukan ƙasan dandamali da ƙara.

Da Hajiya da yara, ni katamaran zan ɗauka, in nemi fitar safe ko ta tsakar rana. Ka roƙi matuƙi ya bi ta bayan tsibirin Angel ko gefen garin Sausalito, inda tuddai ke tare iska. Kowa ya sa rigar ceto, ku tafi da rigunan sanyi ko da kun baro rana a gari. Mai jiki ɗaya ka bar shi sai ranar da za ka fita da abokai.