Commodore 64 ko Amiga: wace ce ta haifi ratsin launukan demo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ratsin launukan nan masu hawa da sauka, da rubutun da ke gudu a ƙasan allo a tsofaffin demo (ƙananan shirye-shiryen kwamfuta na nuna gwanintar hoto da kiɗa), daga kwamfutar Commodore 64 (C64) suka samo asali ko daga kwamfutar Amiga. A ganina, a duniyar demo, C64 ce ta haife su, Amiga kuma ta yi musu ado.

C64 ta fito a 1982 da ƙwaƙwalwa kilobait 64 da launuka 16 kacal. Matasan Turai, irin na Jamus da Suwidin da Denmak, masu fasa makullin wasanni su raba wa abokai, sun riƙa liƙa ɗan gabatarwa a gaban wasa: sunan ƙungiya, kiɗa, da gaisuwa mai gudu. Gasa ta yi zafi har wannan gabatarwa ta rabu da wasa, ta zama demo mai tsayawa da ƙafarta.

Dabarar ita ce, talabijin tana zana hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 a daƙiƙa a tsarin Turai. Guntun VIC-II, mai kula da hoto a C64, na iya sanar da firosesa idan zanen ya iso wani layi, sai yaro ya canja launi a daidai lokacin, ya sake canjawa a layi na gaba, ga ratsi sun fito. Kowane layi bugu 63 ne na firosesa, dole ya ƙirga su ɗai-ɗai, ya kuskure ɗaya launin ya kama rawa a gefe. Injin 'yan hotuna masu motsi takwas kawai yake iya nunawa, amma da zarar an gama zana su a sama sai a mayar da su ƙasa, ido ya ga da yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne buɗe bakin allo, wato gefen da ke kewaye da hoto: sai su sauya tsarin rubutu daga layi 25 zuwa 24 a lokacin da ya dace, guntun ya wuce wurin da zai rufe bakin bai sani ba.

Amiga, wadda Jay Miner ya jagoranci ƙirarta, ta zo a 1985 da launuka 4096 da za a zaɓa daga ciki. Tana da wani ɗan mataimaki mai suna Copper, aikinsa ke nan: ya jira layi, ya canja launi, firosesa na can tana wani aikin. Wani mataimakin kuma mai suna Blitter yana kwafar hoto, yana ja layi, yana cike fili da sauri, shi ya sa siffofi masu juyawa suka cika demo na Amiga, musamman bayan fitowar Amiga 500 mai araha a 1987.

Da yawa daga masu demo na Amiga a C64 suka yi wayo, kuma da suka ƙaura sun tafi da ratsinsu, sai dai a sabon gida sunan Copper aka laƙaba wa ratsin.