Sharhi: saitin sarƙar tayimin na injin roba-roba mai cc 110

Saitin yana zuwa da kaya shida a leda ɗaya: sarƙar tayimin (mai haɗa juyin injin da buɗewar bawul) mai lamba 25H da gaɓa 84, babbar tayar roba da ke zama a tsakiyar silinda, ƙaramar tayar tansina (abin da ke danne sarƙa kada ta yi saki), giyar da ke juya famfon baƙin mai, sandar tansina mai hular roba, da sifirin ɗinta. Giyar kamshaf (kamshaf shi ne sandar da ke buɗe bawul) ba ta ciki. Na ɗaura shi ne a kan injin nan mai kwantacciyar silinda, irin zubin Honda Cub da kamfanonin Sin suka kwaikwaya, a lokacin da ake yi wa injin cikakken aiki.

Sarƙar ita ce abin yabo. Idan aka kwantar da ita a gefenta aka ɗaga, kaɗan take lanƙwasa, alhali tsohuwar da ta fito ta kusa zama baka. Da aka naɗe ta a jikin giyar kamshaf aka ja gaɓa ɗaya da farce, ba ta tashi daga kan haƙora ba. Sai dai a ƙirga gaɓoɓin tun a gaban mai shago, domin mai 82 ta ƙananan injina ce, mai 90 kuma ta masu cc 125, kuma a cikin leda duk kamarsu ɗaya.

Sandar tansina ce ta rage wa saitin daraja. A cikinta akwai ɗan bawul mai barin mai ya shiga ya hana shi fita da sauri, kuma man nan shi ke hana sarƙa dukan bango idan injin ya ɗauki wuta. Gwajinsa da baki ne: a hura ta gefe ɗaya iska ta wuce, ta ɗaya gefen ta tsaya. Na wannan saitin yana sakin iska ta ko'ina. Sifirin ɗin ma ya fi na asali laushi. Na mayar da tsohuwar sandar bayan an wanke ta da kananzir, na sa mata sabuwar hular kawai. Tayoyin roba kuwa ba su da laifi, farce ba ya nutsewa a cikinsu.

Wajen haɗi, sarƙa ce ke fara hawa giyar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) kafin farantin koyil da maganeto su rufe wurin. Farantin yana da babban zoben roba a kewayensa da ƙanana biyu a ƙarƙashin sukurorinsa, duk wanda aka manta mai zai sauka cikin maganeto. Giyar famfon mai ma yanzu ne lokacin canza ta, tunda kwance ta yana bukatar a riƙe sandarta ta ɓangaren kuloci. Masu gyara da yawa suna tsallake ta don ƙiwa, kuma abin yana damuna, domin idan haƙoranta suka cinye famfo ya daina turo mai, kamshaf ne zai fara ƙonewa. Bayan fistin da silinda sun zauna, a zaro sarƙar ta raminta, a cusa babbar tayar tsakanin zarenta na sama da na ƙasa, a ɗaure kusarta. Notocin kan silinda guda huɗu a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, kuma washar jan ƙarfe ta koma kan sandar da aka cire ta, don ta nan mai ke bi.

Sai saita tayimin. A juya maganeto hagu, yadda taya ke juyawa idan babur yana tafiya gaba, har layin da ke gefen harafin T ya yi daidai da tsagar jikin injin. T ake nema, alamar fistin ya kai ƙololuwa, ba F ba. F alamar wutar fulogi ce, tana zuwa kafin fistin ya kai ƙololuwa. Kamshaf ya shiga tozayensa suna kallon fistin, ƙusoshin tafet (masu saita tazarar bawul) a sassauce, sandar tansina kuma a waje tukuna. A ɗora sarƙa a kan giyar kamshaf yadda alamar O za ta kalli tsagar da ke bakin kan silinda. Zaren ƙasa shi karanshaf ke ja, don haka shi zai kasance a miƙe, sakin duka ya taru a sama inda tayar tansina ke dannawa. Idan aka bar saki a ƙasa, alamomi za su yi kyau a ido, amma da an juya injin sai O ta ja baya. Kafin a sa ƙusoshin giyar a toshe ramin sarƙa da tsumma, kusa ɗaya ta faɗa ciki sai an sake kwance rabin aikin. Ɗaurinsu wajen 9 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ƙanana ne, ba sa son ƙarfin tuwo.

Dalilin wannan tsanani lissafi ne. A injin da na yi aiki a kai giyar karanshaf haƙora 14 gare ta, ta kamshaf 28, wato karanshaf ya zaga sau biyu kamshaf ya zaga sau ɗaya. Kuskuren haƙori ɗaya kusan digiri 13 ne a kamshaf, kusan 26 a karanshaf. Injin zai iya tashi a haka, amma ba ƙarfi, ga zafi, ga tari ta kafireta ko ta salansa, sai a yi ta zargin kafiretar banza. Haƙori biyu ko uku kuwa bawul na iya gaisawa da kan fistin ya lanƙwashe.

Da sabuwar sarƙar nan O ta zauna cif a kan tsaga. Idan ta tsaya rabin haƙori gefe, ba sarƙar za a fara zargi ba: a duba ko an taɓa goge fuskar kan silinda, ko gaskit ya yi kauri, ko ɗan makullin maganeto ya karye har T ɗin take ƙarya. Na ƙarshen ana gane shi da siririn kara ta ramin fulogi, ya kamata fistin ya gama tura shi daidai lokacin da T ta iso.

Daga nan a mayar da sandar tansina da sifirin, a ɗaure murfinta da sabuwar washa, a ɗiga baƙin mai cikin sandar ta ramin kusar da ke samanta. A juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Ya cije, a tsaya nan take a sake duba alamomi. Bai cije ba, T da O suka dawo tare, a saita tafet 0.05 mm ga bawul biyun, injin yana sanye.

Da aka tayar, ƙarar sarƙa ta yi 'yan daƙiƙu ta ɗauke da mai ya cika tansina, kuma man farko da aka juye bai fito da ɓarɓashin roba ba. Wanda tsohuwar sandar tansinarsa take da rai zai ci moriyar saitin. Wanda tasa ta mutu ya nemi ta asali daban, ya hura ta kafin ya biya.