Gargaɗi kan akwatin da aka ce yana ba da wuta har abada

Jama'a, a yi hattara. Wani ɗan'uwana ya kusa tura kuɗin da ya daɗe yana tarawa ga wasu masu tallar wani akwatin ƙarfe, wai yana samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra ba tare da tsananin zafi ba. Sun ce a ba da kafin alƙalami yanzu, kaya na nan tafe.

Maganar ta daɗe. A watan Maris na 1989 masana kimiyya biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka sanar a Jami'ar Utah ta Amurka cewa sun ga zafin da ya wuce ƙima a gwajin da suka yi da ƙarfen faladiyam da ruwa mai nauyi (ruwan da ke ɗauke da diyuteriyam, wani nau'in haidirojin mai nauyi), suka ce haɗewar ƙwayoyin zarra ce ta kawo shi. Manyan ɗakunan bincike suka maimaita, abin ya ƙi tabbata. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta duba batun a 1989, ta sake dubawa a 2004, hujjar ba ta gamsar ba. Kamfanin Google ma ya ɗauki nauyin wani bincike, a 2019 masu binciken suka bayyana a mujallar Nature cewa ba su ga alamarsa ba. Yanzu an fi tallata shi da sunan LENR, gajeren sunan Turanci na aikin nukiliya da ƙaramin makamashi.

Inda ake yi wa mutane rufa-ido shi ne wajen awo. A bidiyon tallar akwatin za ka ga tururi na tashi, a ce ga shaida. To, mayar da ruwa tururi gaba ɗaya na cin makamashi fiye da sau bakwai na abin da ake buƙata don kai ruwan ga tafasa kawai. Idan abin da ke fita ruwan zafi ne gauraye da ɗan tururi, aka lissafa shi a matsayin tururi zalla, sai alƙaluma su kumbura alhali ba wani sabon zafi da aka samu. Sannan akwatin na jone da soket duk tsawon gwajin, kuma mai kayan ne ke riƙe da mita. Abin da ya fi tayar min da hankali: haɗewar diyuteriyam ta gaske, ko da zafin wat ɗaya ce, tana sakin niyutron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga cikin zarra, masu yawan da za su iya hallaka wanda ke tsaye kusa. Su kuwa suna dafa akwatin da hannu.

Na ce wa ɗan'uwan nawa ya roƙe su abu ɗaya: su cire waya daga bango, akwatin ya ciyar da kansa na mako guda, a gaban masu awon da ba su ne suka kawo su ba. Suka amsa masa da cewa sirrin kamfani ne, kuma guraben masu zuba jari sun kusa cika, ya hanzarta. Bai tura ko sisi ba, amma har jiya suna kiransa.